Neman Haƙori Har Kumasi

Tun da muka dawo ban ƙara shan fura cikin natsuwa a majalisarmu ta gindin durumi ba. Da na ɗaga ludayi sai wani ya ce, "Malam Isyaku, wai da gaske a Ghana shuka haƙori ake yi kamar albasa?" Kafin in haɗiye, wani ya ce shi an gaya masa kwana muka yi a tsare saboda daddawa. Na ba da labarin nan har bakina ya yi tsami, amma duk ranar kasuwa sai in ji shi ya yi rassa da ganyen da ban san da su ba. Shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a bar ni in sha furata.

Dalilin tafiyar dai Jummai ce, 'yar farina. Ba sunanta na yanka ba ne, na ranar haihuwa ne, don kun san mu nan ba ma kama sunan ɗan fari. Tun da aka yaye ta aka miƙa wa mahaifiyata, Inna, a ɗakinta ta tashi. Ni da uwarta sai dai mu kalle ta ta wutsiyar ido mu yi kamar ba mu gani ba.

Da ta isa famfara, haƙoran nono suka zube kamar na kowa. Na kowa suka dawo, nata wasu suka dawo, da yawa suka ƙi. Yau shekararta goma sha uku, gaban bakinta sama da ƙasa giɓi ne. Yarinyar nan tana da murya, da can in tana biya allo a makarantar yayana Malam Sani, matan maƙwabta kan ajiye taɓarya su saurara. Sai 'yan'uwanta yara suka fara dariyar iskar da ke fita ta giɓin. Sannu a hankali ta koma karatu a ciki, bakin hijabi kullum a kan leɓe, har ta sauke Alƙur'ani ba wanda ya ji sautinta sai malaminta, shi ma sai ya kara kunne.

Yaya Malam mutum ne mai magana ɗaya. Ya sa walimar saukar 'yan ajinsu kafin faɗuwar damina, ya kira ni zaure ya ce, "Isyaku, ni ba na yi wa shiru sauka. In za ta buɗe baki ta biya a gaban jama'a, a dafa shinkafa. In ba za ta buɗe ba, 'yan'uwanta su wuce, ita ta jira." Na san in suka wuce suka bar ta, bakin nan ya rufu ke nan, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Inna kuwa wasa take da abin, irin na kaka da jika. Kowane yaro a garinmu ya san in haƙorinsa ya fita, haɗa shi ake da 'yan tsakuwa a jefa kan rufin ɗaki, baki a rufe, kada ƙadangare ya ga giɓin, don in ya gani haƙori ba ya dawowa. To kullum da safe gaisuwar Inna ke nan: "Ina kwana, wadda ƙadangare ya gani?" Ni ma a ɓoye ina da nawa ra'ayin. Allah ya ba ni wushirya wadda ta yi suna tun ina saurayi, har yau ba na dariya da rowa. Don haka na yanke cewa wannan matsala daga dangin uwar yarinya ta biyo, ban dai taɓa faɗa da ƙarfi ba saboda ina son tuwon dare.

Shekarun kuwa kun san su, tare muka sha. Buhun taki ya fi ƙarfin mai gona, man injin ban-ruwa ya koma abin aunawa da kwalba, gidajen da ake ɗora tukunya sau uku suka koma sau ɗaya ba tare da an yi shela ba. Ba lokacin yawon neman haƙori ba ne. Amma wata rana ina tsugune a fangalin albasata a ƙasan madatsar Watari, na ji a rediyo wai masana sun gano abin da ke hana haƙori tsirowa. Na kai zancen ga Alhaji Sabo, ɗan baffana mai kai albasa Kumasi. Ya ce ai 'yar maƙwabcinsa a can likitar haƙori ce, neman irin waɗannan iyalai take yi ido rufe, tana dubawa kyauta, sharaɗinta dai a zo da yaro da uba da kaka. Motarsa kuma ko da mu ko ba mu za ta tafi. Na ce zuwa da kai ya fi aike.

Na zaci shawo kan Inna zai yi wuya. Ashe mahaifinta bafatake ne, da jakuna ya riƙa zuwa Gwanja sayo goro, ita kuma tun tana yarinya take jin sunayen zangunan hanya. Kafin in rufe baki ta fara ɗaure kaya: kuka, daddawa, garin kunu, buta biyu, da tabarmar da ta girme ni.

Babbar mota ce shaƙe da albasa, mu kuma a gaba, Inna da Jummai a kan ɗan gadon bayan direba. Direban, Ɗanlami, mutum ne da ke gaisawa da ramukan titi. "A'a, kana nan? Ka ƙara ƙiba!" Haka yake yi tun daga Kano. Titi ya yi shiru ba kamar da ba, motoci sun ragu, duk inda muka rage gudu mata da yara masu talla sai su yo kanmu kamar mu kaɗai muka rage a duniya. Inna ta riƙa sayen abin da ba ta bukata don tausayi, har gaban mota ya cika da rogo da ƙuli-ƙuli.

Rigimarsu da Ɗanlami kuwa a kan tsayawa ce. Kowace salla sai an tsaya, har da walaha.

"Hajiya," in ji shi, "ai matafiyi an yi masa rangwame, akwai ƙasaru."

"Na san ƙasaru tun uwarka tana goye. Ƙafata ce ke son ƙasa. Tsaya."

Ya tsaya. Daga ranar bai ƙara kawo mata fiƙihu ba.

A kan iyakar farko, ta shiga Benin, na sha kunyar da ban taɓa sha ba, kuma ba laifin kowa ba ne sai na al'adarmu. Jami'in ya karɓi takardunmu da katin rigakafi, yana jin Hausa daidai gwargwado. Ya dubi Jummai da ta rufe rabin fuska, ya dube ni, ya ce, "'Yarka ce?" Na ce e. Ya kife takardar a kan tebur ya ce, "Yaya sunanta?"

Na ce, "Jummai."

Ya leƙa takarda ya girgiza kai. Na ce ai wancan na takarda ne. Ya ce to faɗi na takardar. Jama'a, ga Inna a tsaye, ga Ɗanlami, ga yarinyar kanta tana kallona. Na yi tari, na gyara hula, na ce Inna ta faɗa. Nan fa fuskar mutumin ta sauya, ya kira wani abokin aikinsa suka yi ta Faransanci suna nuna ni. Ɗanlami ya matso ya raɗa mini, "Malam, cewa suke uban da bai san sunan 'yarsa ba ɓarawon yara ne. Ka faɗa kafin su nemo igiya." Kuma ku duba, mutanen nan aikinsu suke yi, ni ma da wani ya ratsa da 'yata haka zan so a tsare shi.

Na faɗa. A hankali, ina kallon ƙasa, amma na faɗa, karo na farko tun ranar suna. A nan dai ba zan maimaita ba. Na ga kafaɗun Jummai suna rawa a cikin hijabi, ashe dariya take. Wata Bafulatana mai sayar da nono ta yi wa jami'in bayanin abin, ya riƙe baki yana mamaki, ya ce su a wurinsu ɗan fari shi ake kira da ƙarfi don unguwa ta san an haihu.

Maganar daddawa kuwa ƙanƙanuwa ce. Wani ɗan kwastan ya kwance ƙullin Inna, ya sansana, ya ja da baya. Inna ta ɓantara ta miƙa masa ta ce ya kai wa matarsa. Iyakar abin ke nan, ba wanda ya kwana a tsare.

A Jugu, wani gari a cikin Benin, muka sauka gidan wata Hajiya Mariyama mai saukar direbobi, mace mai faɗin jiki da faɗin zuciya. Da Inna ta ji sunan garin sai ta dafe ƙirji, wai nan ne zangon da babanta ya ce jakinsa ya taɓa cin rawanin mai masauki. Ta sa aka zaga da ita unguwa tana tambayar tsofaffi ko sun san Tanko Mai Jakuna. Ba wanda ya sani, amma kowa ya ce Allah ya jiƙansa, ta dawo tana share ido tana cewa mutanen kirki ne.

Abubuwa biyu suka ɗaure mini kai a ƙasar nan. Na farko, da rana ta take sai gari ya kulle shaguna a tafi barci, kamar an yi doka. Mu da muke cikin fangali a wannan lokacin sai na rasa ko in yi musu dariya ko in yi hassada. Na biyu, mata ke tuƙa babur, da goyo, da kwando a kai. Inna ta bi wata da kallo har ta ɓace, na jira in ji salati, sai ta ce, "Da a ce da ƙuruciyata ne." Burodinsu dogo ne mai tauri kamar muciya, Jummai sai da ta jiƙa shi a shayi. Amma suna da wani cukun nono da suke soyawa a jefa a miyar gyaɗa, wagashi suke ce masa, laushi kamar me. Yarinyar nan ta juya wa mutane baya kamar yadda ta saba in za ta ci abinci, ta cinye nata ta cinye nawa.

Togo ba ni da labarinta. Siririyar ƙasa ce, kafin Inna ta gama lazimi mun ratsa ta.

Da muka shiga Ghana, a wani gari kafin Kumasi, muka tarar an tare rabin titi da rumfuna. Kiɗa na tashi, mutane cikin jan zane da baƙi suna rawa, ana raba lemo, ga hoton wani dattijo ya fi ƙofar zaure girma. Inna ta ce a tsaya ta ga amarya. Ɗanlami ya ce, "Hajiya, jana'iza ce. Mai hoton ne ya rasu, watakila ma tun watannin baya, ajiye shi aka yi sai dangi sun taru." Da muka wuce rumfunan sai Inna ta ce da ni, "Isyaku, in ta Allah ta kasance a ƙasar nan, ka sa ni a ƙasa kafin la'asar. Ban yarda da ko ganga ɗaya ba."

Da muka isa Kumasi, Alhaji Sabo, wanda ya riga mu zuwa, ya sauke mu a zango, unguwar Hausawa. Hausa ce ake yi tsaf, sai dai ta kwana biyu ba ta je gida ba, mace da namiji duk "ka" ne da "shi". Matar gidan ta ce wa Inna, "Hajiya, ka zo lafiya?" Inna ta waiga bayanta tana neman namijin. Da safe aka kawo shinkafa da wake a cikin ganye, an ɗora taliya, da garin rogo, da ƙwai, da wani baƙin yaji, duk a wuri ɗaya kamar an yi gobara an kwashe abin da ya samu. Na yi niyyar in raina, sai na ga na siɗe ganyen.

Da rana Alhaji ya kai mu wurin masu fufu, wato irin tasu sakwarar. Na yanko loma, na tsoma a miya, na shiga tauna da wushiryata a waje. Shago ya kwashe da dariya. Ashe ba a tauna shi, haɗiya ake yi kai tsaye. Inna ta ji haka sai ta tafa hannu.

"Jummai, ga ƙasarku! Ƙasar da ba a bukatar haƙori. Nan za mu bar ki, ke da ƙadangarenki."

Kowa ya yi dariya, har da ni. Sai na dubi yarinyar. Ta ajiye lomar da ta ɗauko, ta ja hijabi ta rufe baki, ba ta ƙara taɓa kwanon ba. A gida ban taɓa zama kusa da ita har in ga inda wasan nan yake sauka ba. Ranar na gani, ni ma na ajiye lomata.

Likita Ramatu, 'yar maƙwabcin nan na Alhaji, ba ta kai shekarun ƙanwata ba, 'yar siririya mai saurin magana. Zan rubuta zancenta da Hausarmu don kada in ɓata muku lokaci. Ta sa aka ɗauki hoton ƙashin bakinmu mu uku, ta jera a jikin wani gilashi mai haske. Ni na zauna a matsayin ɗan rakiya, na harɗe ƙafa. Sai ta fara da ni.

"Malam, ka san haƙora biyu na sama ba su taɓa fito maka ba?"

Na ce wane ni, bakina cike yake. Ta miƙo madubi ta sa na ƙirga da kaina. Waɗanda ya kamata su tsaya gefen manyan biyu na gaba babu su, babu ma alamarsu a cikin ƙashi. Da na gaban suka ga fili sai suka baje, abin da ya buɗe tsakaninsu shi ne wushiryar. Wushiryar da aka yi wa waƙa a dandali! Na nemi dangin uwar Jummai a raina na ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya.

Ta juya ga Inna, ta nuna haƙoran Makka guda biyu da ta sanyo a aikin hajji. "Hajiya, kafin a sa waɗannan, mene ne a wurin?"

"Iska," in ji Inna.

"Faɗuwa suka yi?"

Inna ta gyara mayafi. "Ba su taɓa zuwa ba, balle su faɗi. Babana ma haka yake, da gefe yake cin goro." Ta harare ni. "Ka rufe baki, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Likita ta zauna ta yi mana bayani. Ta ce tun jariri yana ciki ake binne irin kowane haƙori a cikin dasashi, na nono da na girma duka. Irin nan ba ya tsirowa sai saƙo ya iso masa cewa ya girma. A cikin ƙwayoyin gadon da mutum ke karɓa daga uwa da uba kuma akwai wadda aikinta shi ne ƙera wani sinadari mai daidaita wannan saƙo, ya rage shi ko ya sake shi. In ya matse da yawa, irin ya mutu tun bai zama komai ba. In ya sake da yawa, sai ka ga mutum da haƙoran da suka fi ƙima, wani a bayan wani. Na ce, "Likita, ai wannan mai ƙofar ruwa ne. Mu a Watari in ya matse ƙofa fangalin ƙarshe ya bushe, in ya sake ta duka albasa ta ruɓe." Ta ce to mai ƙofar gidanmu hannunsa ya cika nauyi, a wurina ya hana biyu, a wurin Jummai ya hana da yawa. Ta ƙara da cewa irin waɗannan ƙwayoyi ba ɗaya ba ne, ba za ta rantse wacce ce tamu ba sai an auna yawunmu.

Muna cikin haka sai na ji wata 'yar murya daga cikin hijabi.

"Ba ƙadangare ba ne?"

Likita ta matsa kusa da ita. Jummai ta yi magana tana kallon yatsun ƙafarta. Ta ce ranar da haƙorinta na farko ya fita, yara suka ce ba ta isa ta nuna wa ƙadangare giɓin ba, ita kuma ta je bayan rumbu ta sami wani jan-gwada yana shan hantsi, ta buɗe masa baki da gangan. Ya kalle ta ya gyaɗa kai. Tun daga ranar ta san ita ta jawo wa kanta, ba ta taɓa gaya wa kowa ba, kuma duk safiya in Inna ta gaishe ta sai ta ɗauka Inna ta sani.

Shekara shida yarinya tana ɗauke da wannan a gidana, ni ina can ina kunyar ɗan fari. Wallahi na ji kamar in nutse.

Likita ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta kama hannunta ta kai ta gaban hoton, ta nuna mata wuraren da babu komai a cikin ƙashi. "Kin ga nan? An gama wannan tun ba ki ga rana ba, balle ƙadangare ya gan ki. Ko a cikin tulu aka rufe ki haka zai kasance. Ga na babanki, ga na kakarki."

Inna ta sunkuyar da kai tana murza carbi. Can ta ce, "Wasa nake yi, 'yar nan."

"Na sani, Inna. Ni ce nake jin kamar gaske."

"To ƙadangaren ya ci kansa. Ni ya kamata ki tsokana, ni na ba ki."

Aka kawo 'yan kwalabe mu tofa yawu. Inna ta ce ita ba ta zubar da yawunta a hannun baƙo haka kawai, sai da ta karanta abin da ta karanta sannan ta tofa, ta ce ko an kai shi ƙasar Turawa ba abin da zai ci shi. Ni kuwa na yi tambayar da ta kawo ni, ina maganin da rediyo ya faɗa? Likita ta ce gaskiya ne ana gwada wani abu a wata ƙasa mai nisa, mai ɗaga hannun sinadarin nan, amma bai kai ga a ba mutane ba, kuma ba ta san ko zai dace da irin namu ba. Ba za ta sayar mini da abin da babu ba. Jikina ya yi sanyi, don har ga Allah na zo ne da tunanin allura ɗaya haƙora su fito.

Abin da za ta iya shi ne haƙoran roba na sawa da cirewa, kafin ƙashin yarinya ya gama girma a yi mai ɗorewa. Aka gwada bakin da wani abu kamar ƙullin alkaki, muka jira 'yan kwanaki a zango, Inna tana koya wa matan gidan miyar kuka ta gaskiya. Ranar da aka sa mata, Jummai ta dubi madubi, sannan ta yi murmushin da rabona da shi tun tana 'yar shekara bakwai. Likita ta ja kunnenmu cewa harshe sai ya yi makonni kafin ya saba da baƙon, ta riƙa karatu da ƙarfi kullum.

Komowa ba ta da labari mai yawa, sai dai mota ta ɗauko goro maimakon albasa, hancinmu ya huta. Jummai ta fara biya karatu a bayan direba, da farko ƙasa-ƙasa, daga baya har Ɗanlami ya kashe rediyo ya daina gaisawa da ramuka. Amma ina jin abin yana ba ta wahala. Robar takan motsa ta yi ƙas, wasu haruffan su fito a daƙile, ta tsaya ta danna da yatsa ta sake. Makonnin da likita ta ce ba mu da su, mun iso gida hadari ya fara haɗuwa a gabas, walima saura kaɗan. Sakamakon yawu kuwa har yau muna jira, masu tambaya ku ji da kyau.

Ranar walima an shimfiɗa tabarmi a ƙofar makaranta, maza a waje, mata a cikin soro suna leƙe. An aro lasifika daga masallaci. Yara suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna zama a kan buzu, allo mai zayyana a cinya, Yaya Malam yana biya musu suna amsawa. Ni ina zaune a gefen buzun ina riƙe da wayar lasifikar don ba ta son motsi. Aka kira Jummai.

Ta zauna, ta sauke hijabi daga kan baki, ta yi bisimilla lafiya lau. A aya ta biyu robar ta zame. Ƙas ɗin nan ya shiga lasifika, gari duka ya ji, wani yaro ya ƙyalƙyale a baya. Ta tsaya. Na ga hannunta ya tashi, na ce shi ke nan, hijabi zai koma. Yaya Malam ya sunkuyar da kai yana jira.

Hannun ya wuce hijabin ya shiga baki. Ta zare haƙoran, ta juyo ta miƙo mini a gaban kowa.

"Baba, riƙe mini."

Na riƙe. Ƙasashe muka ratsa saboda abin nan, ga shi a tafin hannuna da ɗumin bakinta. Ta ɗaga kai ta ci gaba da giɓinta a buɗe, da muryar nan da muka yi kewa, iska tana fita inda take fita. Ba wanda ya ƙara yin dariya. A wuri ɗaya Yaya Malam ya gyara mata kamar yadda yake gyara wa kowa, ta maimaita da ƙarfi ba ta ko ƙifta ido ba. Daga cikin soro na ji guɗar Inna tun ba a kai ƙarshe ba. Waɗanda suka ce sun ga Malam Isyaku yana kuka ba su yi ƙarya ba, na yi, ban kuma nemi ɓoyewa ba.

Aka shafa fatiha, aka fara fito da farantan shinkafa. Ina nan zaune hannu a dunƙule, na ma manta da abin da ke ciki, sai ga ta ta tsaya a kaina ta miƙo hannu.

"Baba, ba ni. Nama zan ci."